Ku Tambayi Mai Hoto: Kwas ɗin Abuja ko Shagon Unguwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni budurwa ce 'yar shekara 24 daga Zariya. Na gama NCE shekara biyu ke nan babu aiki, da zanen lalle nake rufa wa kaina asiri. Duk amaryar da na yi wa lalle ina ɗaukar ta hoto da wayata, har wasu suna cewa nawa ya fi na mai hoton da aka biya. Yanzu ina da naira 900,000, rabi na adashe ne, rabi yayana ne ya ba ni don in kama sana'ar hoto sosai. Na ga wata makaranta a Abuja, mako shida, naira 450,000, har da takardar shaida, kuma zan iya sauka wurin gwaggona a Mararraba. Akwai kuma wani mai situdiyo a nan Zariya da ya ce in biya 120,000 in zauna da shi wata shida. Zuciyata tana Abuja, domin hotunan da suke sakawa a Instagram sun tafi da ni. Ba ni da kyamara tukuna. Wanne zan zaɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya saka wa yayan naki da alheri. Ba kowane wa ne ƙanwarsa za ta ce za ta rataya kyamara ya sa hannu a aljihu ba.

Wasiƙarki ta kwana uku a kan teburina ina juya ta, don na san yadda ake tara kuɗin lalle: zaman awa huɗu a durƙushe kan ƙafar amarya, baya ya ƙage, ido ya yi ja. Kuɗin da aka samu ta wannan hanya bai kamata in yi miki kwana-kwana a kansa ba. Kada ki biya kuɗin Abujan nan yanzu. Matsalar tana cikin lissafi ne, kuma bari mu yi shi tare.

Kin cire 450,000 kin ba makaranta. Daga Mararraba za ki riƙa shiga gari kullum, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya da safe ya san sai kin yi asubanci. A ce kuɗin mota zuwa da dawowa da ɗan abin da za ki sa a bakinki su ci miki 5,000 a rana. Kwana biyar a mako, mako shida, kwana 30 ke nan, 150,000 ta tafi. Ki ƙara kuɗin motar Zariya, da tsarabar gwaggo, da data, da abin da ba a rasa ba, a ce 50,000. Kin kashe 650,000, saura 250,000. Kuma mako shidan nan babu lalle ko ɗaya da za ki zana, amaren da za su neme ki wata za su kira. Wannan ma kuɗi ne, ko da ba daga jakarki ya fita ba.

To da 250,000 ɗin nan za ki sayi kyamara, da lensi, da filashi, da batir na biyu, da memori, da kwamfutar gyaran hoto? Ba za ta kai ba. Kayan hoto babu wanda ake ƙerawa a ƙasar nan, duk da dala ake shigo da su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Tun daga lokacin ko tsohuwar kyamarar da a da muke ba yaran shago su yi wasa da ita ta zama abin lallaɓawa. Za ki dawo Zariya da takarda mai ado da hannu biyu babu komai a ciki.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don na sha ganin sa. Hoto sana'ar hannu ce kamar lallenki. Da a ce an koya miki zane mako shida, sannan aka karɓe ledar lallen aka ce sai bayan wata takwas, me zai rage a yatsunki? Haka kyamara take. Saita buɗewar lensi, da saurin shata (labulen da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara in an danna), da ISO (yadda kyamara take jin haske), a cikin daƙiƙa biyu amarya tana tahowa ƙawaye na ture juna, ba a kai yake zama ba, a yatsa yake zama, kuma yatsa ba ya riƙewa sai da maimaici kullum. Yara nawa suka zo shagona da takardar kwas, na miƙa musu kyamara suka tsaya suna neman maɓalli. Ba wai ba a koya musu ba ne. An koya musu, suka koma gida ba abin taɓawa, ya zube.

Ni a 1993 na fara, a wani shago a Tudun Wadan Kaduna. Shekara uku ina ɗaukar wa maigidana jaka. Lokacin fim ne, guda ɗaya hoto 36 yake ci, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanko. Ranar da aka wanko hotunan da na fara ɗauka ni kaɗai, na wani suna ne, maigidana ya baza su a kan benci, ya ware huɗu gefe, sauran ya tura mini. Ya ce in gaya masa abin da huɗun nan suka haɗa. Na duba na duba, sai na lura duka huɗun mai jego tana kusa da taga, hasken yana zuwa mata daga gefe, sauran kuwa taga tana bayanta fuskar ta yi duhu. Bai ƙara cewa komai ba. Yau shekara talatin da wani abu, duk ɗakin da na shiga taga nake fara nema kafin in gaida mutane da kyau.

Shekaru bayan haka, da muka koma kyamarar zamani, na biya kuɗin da a lokacin zai sayi rago na shiga wani taron bita na kwana uku. Mun fi mu sittin a zaure ɗaya. Malamin yana gaba yana haska hotunansa a bango, kyawawa kuwa, yana ba mu labarin inda ya ɗauke su. Kwana ukun nan ba wanda ya kalli hotona ko ɗaya. Aka ba mu takarda aka yi hoton rukuni aka watse. Har yau ina jin ciwon kuɗin nan, don a lokacin matata tana da tsohon ciki.

Na kawo miki waɗannan biyun ne don ki gane abin da ake saye a wurin malami. Bayanin yadda kyamara take aiki yana nan kyauta a YouTube, kuma littafin da ke zuwa da kowace kyamara ana sauke shi kyauta a shafin Canon ko Nikon. Abin da ba ya samuwa kyauta shi ne mutumin da zai zauna da hotunanki, ya sa yatsa ya ce nan kin yanke mata hannu, nan farin leshin ya ƙone babu zane a jikinsa, nan kin tsaya nesa don kina jin kunya. Idon malami kike biya. Duk kwas ɗin da ba a ware lokacin duba aikin ɗalibi ɗaya bayan ɗaya ba, ko nawa ne kuɗinsa ya yi tsada.

Hotunan Instagram da suka tafi da ke kuwa, ki tambayi kanki na wa ne. Yawanci na malamin ne, da kyamarar miliyoyi, da fitilu uku, da mai kwalliya, da yarinyar da aikinta ke nan tsayawa gaban kyamara. Ki ce su nuna miki aikin ɗaliban da suka gama bara, kuma su ba ki lambar mutum biyu ko uku daga cikinsu. Ki kira ki tambaye su ɗalibai nawa ne a aji, kyamara nawa ce, sau nawa kyamara take zuwa hannun mutum a rana, kuma yanzu da me suke cin abinci. Makarantar da ta yarda da kanta ba za ta ƙi ba, za ma ta bar ki ki zauna a aji yini ɗaya ki gani kafin ki biya. Wadda ta ce miki rangwame zai ƙare gobe, ki yi sauri ki tura kuɗi, ki bar ta da rangwamenta.

Ita kuma takardar shaida, ki san matsayinta. Takardar kwas ɗin mako shida ba difloma ba ce irin ta makarantun da hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke nan Kaduna take tantancewa, ba za ta ƙara miki mataki a aikin gwamnati ba. A wajen biki kuma, tunda nake ba uwar amaryar da ta taɓa ce mini in nuna takarda. Cewa take, nuna mini bikin da ka ɗauka.

Yanzu shagon Zariya. Kuɗinsa ya fi sauƙi, kina kwana a gidanku, lallenki bai tsaya ba, kuma wata shida ya fi mako shida nesa ba kusa ba. Amma araha ba ta ado idan ba a yi hattara ba, don mu masu shago muna da halinmu, ba zan ɓoye miki ba. Akwai wanda zai karɓi kuɗinki ya mai da ke mai shara da aike, wata shida ba abin da kika ɗauka sai fasfo a gaban farin ƙyalle. Akwai wanda yake ɓoye gyaran hoto, ya juya fuskar kwamfuta in kin matso, don kada gobe ki buɗe shago kusa da shi. Saboda haka ki tafi da yayanki a zauna a rubuta. A rubuta cewa daga mako na biyu kyamara za ta shiga hannunki, cewa za a fita da ke aikin waje aƙalla sau biyu a wata, cewa za a zaunar da ke gaban kwamfuta, cewa duk mako zai duba abin da kika ɗauka. A rubuta lokacin tashi, don hankalin iyayenki ya kwanta, kada a wayi gari ana ce miki sai goma na dare. Kuɗin kuma kada ki ba da shi dunƙule: kashi uku, farko da tsakiya da ƙarshe, kowanne da rasit. In ya ɓata rai don an ce a rubuta, kin samu amsarki tun ba ki yi asara ba. Kafin ma ki yanke, ki cigita ko akwai mace mai ɗaukar biki a Zariya ko Kaduna da za ta yarda ki riƙa bin ta. In an samu, ita na fi so miki, ko da kuɗinta ya ɗan ɗara.

Dalilina shi ne akwai wani jari a hannunki da ba ki lissafa a cikin 900,000 ɗin nan ba, kuma ya fi su. Ke kina shiga ɗakin da ni ba na shiga. Ranar sa lalle, ranar kamu, lokacin da ake shirya amarya kai ba ɗankwali, lokacin da uwa take yi mata faɗa ana kuka kafin a kai ta, duk a bakin ƙofa nake tsayawa ina jira a yafa mayafi. Gidaje da yawa a ƙasar nan sun fi son mace ta ɗauki taron mata, wasu ma in ba mace ba sun haƙura da hoton. Kuma amaren tuni suna da lambarki. Mai koyo irinki yakan yi shekara yana neman wanda zai yarda ya ba shi aikin farko, ke kuwa kowane mako kina zaune da mai aikin awa huɗu hannunta a cikin naki. Abin da kike buƙatar koya shi ne hoton ƙaramin ɗaki mai ƙarancin haske, cike da mata, da fitilar da ke sa fuska ta yi kore. Wannan a ɗakunan Zariya ake koyon sa, ba a situdiyo mai sanyi ba.

Ga yadda zan raba kuɗin da nawa ne. 120,000 na koyo. Kaso mafi girma, wajen 550,000 zuwa 600,000, na kayan aiki. Sauran ki ajiye kada ki taɓa, don batir zai mutu, filashi zai faɗi, kuma watannin farko aikin ba zai biya kansa ba.

Kyamara ta hannu za ki saya, kada ki ji kunyar haka. Tunda Canon da Nikon suka mai da hankali kan sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, tsofaffin suka yawaita a kasuwa. Irin su Canon 600D ta 2011, ko 700D ta 2013, ko Nikon D5300, har gobe suna fitar da hoton da za a wanke a sa a babban firem. In kuɗin ya kai ga Nikon D7100, tana da gidan memori biyu, tana rubuta kowane hoto sau biyu, kuma ga mai ɗaukar biki wannan kwanciyar hankali ce babba. Kada ki je sayayya ke kaɗai, ki tafi da wanda zai koya miki. A duba adadin bugun shata, don ƙananan kyamarorin nan wajen bugu 100,000 aka yi musu kiyasi, wadda ta kusa can ta kusa gajiya. A haska lensi da tocila a duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo a ciki, wannan fumfuna ce, tana kama kayan da suka zauna a wuri mai laima kamar Legas. A ɗauki farin bango a duba ɗigon ƙura. Ki tambayi farashi wuri uku kafin ki ciro kuɗi.

Za a ce miki ki sayi lensi 50mm f/1.8, kuma lensi ne mai kyau mai araha, yana shan haske sosai, yana narkar da bayan mutum. Sai dai a kan waɗannan ƙananan kyamarori yana matso da abu kamar 75mm ko 80mm, a ɗakin amarya za ki ja baya har ki jingina da bango ba ki haɗa mutum uku ba. Don irin aikinki, 35mm ya fi, in kuwa Nikon kika saya, nasu 35mm f/1.8 ba shi da tsada. Ki haɗa da ɗan lensi 18-55mm da ke zuwa da kyamara don hoton taro. Filashi ɗaya na Godox wanda kansa yake juyawa, ki koyi harba shi sama ko bango hasken ya dawo a tausashe, maimakon ki watsa wa amarya shi a fuska hodar ta yi fari fat. Memori kuwa ki saya a wurin da aka sani, guda biyu ko uku matsakaita sun fi babba guda ɗaya. Jabu sun cika kasuwa, kuma biki ba a maimaita shi. Kwamfuta za ta iya jira: ki yi gyara a ta shago, a gida kuma manhajojin gyaran hoto Snapseed da Lightroom na waya za su riƙe ki. In kin samu kwamfuta daga baya, manhajojin Darktable da GIMP kyauta ne, ba sai kin shiga biyan Adobe da dala duk wata ba tun ba ki fara samu ba.

Abu ɗaya da babu kwas ɗin da zai rubuta a tallarsa, amma shi zai riƙe ki a wannan sana'a, shi ne amana. Za ki riƙe hotunan matan mutane a yanayin da mazajensu da muharramansu kaɗai ke ganin su. Kada ko ɗaya ya hau Instagram ko ya shiga wayar ƙawa sai da izinin mai shi, a fili, kuma in da hali a rubuce. Wayarki da memorinki su kasance a kulle. In a kwamfutar shago za ki yi gyara, irin waɗannan hotuna kada su kwana a cikinta.

Abuja ba ta gudu. Bayan shekara, kin ɗauki biki goma ko sha biyar, za ki san takamaiman abin da ya gagare ki, wataƙila fitilun situdiyo, wataƙila gyaran fata. A lokacin ki nemi gajeren kwas na kwana uku ko mako ɗaya a kan wannan abu kaɗai, ki biya da kuɗin da kyamarar ta kawo. Bayan wata uku da fara koyo, ki turo mini hoto goma ta adireshin mujalla, waɗanda masu su suka yarda, zan duba miki su ɗaya bayan ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ina aji shida na sakandare a Kano, burina in zama mai ɗaukar hoton jarida. Mahaifina ya ce sai dai in yi jami'a. Dole ne sai da digiri?

AMSA: Ɗana, bi maganar mahaifinka, ba ta ci karo da burinka ba. Sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello suna koyar da hoton jarida a cikin darussansu, in kuma hankalinka ya fi karkata ga kyamara zalla, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos. Abin da jami'a za ta ba ka shi ne rubutu, da sanin doka, da sanin abin da ya sa wani abu ya zama labari, kuma gidajen jarida suna tambayar takarda in za su ɗauki ma'aikaci. Abin da ba lallai ta ba ka ba shi ne isasshen lokaci da kyamara, don ɗalibai sun fi kayan aiki yawa. Wannan kai za ka nemar wa kanka. Fati Abubakar ta Maiduguri aikin jinya ta karanta, amma hotunan rayuwar yau da kullum da ta riƙa ɗauka a Borno, a lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai tashin bam, su suka kai sunanta ƙasashen waje. Kai kuma kana zaune a garin Hawan Daushe da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Ka zaɓi wuri ɗaya, ka riƙa zuwa duk Asabar da wayarka har shekara, ka gaida mutane, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, ka rubuta sunan wuri da rana a kan kowane hoto. Ranar da ka shiga aji ɗaya a jami'a kana da abin nunawa.

TAMBAYA: Baba, daga Maraɗi nake. Na ga kwas na intanet, Yuro 60, bidiyo ne da Faransanci. Waya kawai gare ni. Ya cancanta?

AMSA: Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, don haka kuɗin ya kusa jikka 40, wato sefa 40,000, ban da kuɗin data na kallon bidiyon. Ka duba abu biyu kafin ka biya. Na farko, sau ɗaya ake biya ko duk wata za a riƙa cira daga katinka, don da yawa a ƙananan haruffa suke rubuta wannan. Na biyu, akwai malamin da za ka tura wa hoto ya ba ka amsa? In babu, bidiyo ne kawai, kuma irinsa da Faransanci yana nan kyauta. Ka kuma karanta jerin darussan: in rabinsu a kan maɓallan babbar kyamara ne, da waya a hannunka ba za ka iya gwada su ba. Da ni ne, zan kai jikka 40 ɗin nan wurin mai situdiyon da aikinsa ya fi burge ni a Maraɗi, in roƙe shi ya bar ni in riƙa ɗaukar masa jaka ranakun biki har wata uku, da sharaɗin ya riƙa duba abin da na ɗauka.